Doguwar Gaisuwa

Daga gidana zuwa lambu, bayan Ƙofar Marusa,
turakun wuta goma sha tara ne.
Shekara talatin ban taɓa ƙirga su ba
sai bana.

A turke na shida sharaɓar hagu take ɗaurewa
kamar an zarga mata igiyar guga ana ja.
Sai in tsaya wurin Ila mai faci,
in tambayi gida, in tambayi gajiya,
in tambayi akuyar da ya sayar tun bara,
har ƙafar ta saki.
Unguwa ta ce Barau ya tsufa da zumunci.
Ba zumunci ba ne. Jira nake.

Tabawa ta ce sanyi ne, ta dafa citta da kanumfari.
Wanzami ya kafa ƙaho uku a ƙwauri,
ya nuna mini baƙin jini a ƙasa.
Ƙanena ya ce na tsallaka abin da aka binne.
Na sha saiwa, na sha ɗaci,
turke na shida ya dawo na huɗu.

Da dare in na miƙe bisa gado
yatsu su kama wuta, tafin kuwa kamar gindin randa.
Sai na sauko da ƙafar tana lilo
kafin barci ya yarda da ni.
Gashin ƙwauri ya tafi ba sallama.
Tuntuɓen da na yi kafin azumi,
har layya bakinsa a buɗe.

Hindatu ce ta ja ni asibiti, tana faɗa irin na uwarta.
Likita ta ce, cire takalma, duka biyu.
Ta dafa bayan ƙafata da yatsu uku,
ta yi shiru kamar mai jira a ƙofar gida.
Dama, an amsa.
Hagu, ta daɗe tsaye.

Ta ɗaura abin awon jini a damtse,
ta kwance, ta ɗaura a idon sawu,
ta shafa mai, ta ɗora wani abu kamar alƙalami.
A dama na ji zugazugin maƙeri.
A hagu, tsohuwa ce ke hura ɗanyen ice.
Ta ce, lissafin ƙafa ya kamata ya kamo na hannu,
naka rabi ne da 'yar ɗoriya.
Sigari nawa a rana?
Na ce kara biyar.
Hindatu ta yi tari.
Na ce kwali.

Ta ɗauki takarda za ta zana mini jijiya,
na ce bar shi, 'yata, wannan karatun nawa ne.
Na san hanyar ruwa in laka ta kwanta a ciki.
Latas na bakin rijiya kore shar,
albasar fangalin ƙarshe kuwa da safe ba ka ganewa,
sai rana ta take, ta nemi ruwa,
ka tarar ta kwanta.

Ta ce to, lakar nan ba ƙafa kaɗai ta sani ba,
ta san hanyar zuciya, ta san hanyar kai.
Ga ƙwayoyi. Za mu auna suga, mu ɗau hoton jijiyar.
Kada ka gasa ƙafar a kasko, ka duba ta kowane dare.
In gyambon ya rufe, ka yi tafiya:
ta ɗaure ka huta, ta saki ka tashi.
Ruwa in an matsa masa yana neman ɓarauniyar hanya.

Wata huɗu ke nan bakina ba hayaƙi.
Har yanzu hannuna na laluben aljihu bayan tuwo.

Yau Ila ya ajiye taya, ya gyara zama, ya fara,
na ce lafiya lau, na wuce.
Ya bi ni da ido, baki sake.
Sai a na bakwai ta kama ni,
ba rumfa, ba inuwa, ba kowa.
Na dafa turken,
na tambaye shi gajiya.